An Kashe Mukhtar Kunne a Lungunmu

Mukhtar ya rasu.

Ƙaninsa Sagir ne ya kira ni da safiyar yau, ina zaune bakin gado ina fama da bandejin da ke hannuna. Na ɗauka cewa zai yi in taho musu da shayi asibiti. Sai na ji ya ce, "Yaya Auwal, sai haƙuri. Ya cika."

Na ce, "Wa?"

Na san wanda yake nufi. Bakina ne kawai ya tambaya.

Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Jiya a gabana aka soke shi, da tafin hannuna na toshe raunin, amma wallahi ban kawo mutuwa a raina ba. Da na baro shi yana magana, har tsiya ya yi min.

Ga wanda bai san shi ba: Mukhtar mutumin unguwar Tukur-Tukur ne, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin nan. Tun firamare muke tare. Mu muka laƙaba masa Kunne, domin mutum ne da zai shigo ɗakinka, kafin ya gama amsa gaisuwa ya ce maka fankarka ta kusa ƙonewa, daga ƙararta kawai. Kuma sai ta ƙone.

Yana da zafin rai, ba zan ɓoye ba. Sauti marar kyau yana ɓata masa rai kamar an zage shi. Na taɓa ganin ya ajiye cokali a wurin walima, ya je ya kashe wa mai sifika kayansa ana tsakiyar jawabi, ya murɗa nan ya zare can, ya kunna, ya dawo ya ci gaba da cin shinkafarsa. Mai sifika ya biyo shi da masifa. Kafin a tashi ya dawo neman lambarsa.

Lasifikar masallacin layinsu, shi ke hawa ya gyara duk damina. Bai taɓa jiran a roƙe shi ba.

Zan faɗi abin da ya kawo shi lungunmu jiya, domin tun safe nake ganin mutane suna rubuta abin da ba su sani ba. Ba faɗan siyasa ba ne. Ba shi da abokin gaba. Ga yadda aka yi.

Yayana, Yaya Habibu, ya rasa idonsa. Ciwon suga ne ya cinye shi a hankali har ya rufe ruf. Tsohon ma'aikacin safiyo ne, mutumin da ya saba yawo daji da gari, yau sai an kama masa hannu ya je masallaci.

Lokacin da aka tura shi kwas ƙasar waje, ya dawo da wasu fayafayan kiɗa. Ba irin na kasuwa da muka sani ba ne. An naɗe su ne don sifika shida: uku a gaba, biyu a baya, da wufa, wato babbar sifika mai kaurin murya, a ƙasa. Idan suna tashi daidai, sai ka ji kamar an zaunar da kai tsakiyar makaɗan. Akwai na molon Larabawa, akwai na gogen Turawa, akwai na wata mata mai murya kamar tana kuka a cikin rijiya.

Da ido ya tafi, bayan Alƙur'aninsa da rediyonsa, su ne abokan zamansa.

Sai na'urar da ke karanta fayafayan ta mutu, irinta kuma babu a kasuwa. Fayafayan su ma sun soma yin tabo, wasu suna tsalle. Mukhtar ya zo ya duba su ta hasken taga ya ce, "Waɗannan mutuwa suke yi. In ba a kwashe abin da ke ciki yanzu ba, shi ke nan."

Ya tafi da su gida, ya juye su ɗaya bayan ɗaya cikin hard disk, wani ɗan akwatin ajiya na kwamfuta. Wasu da ƙyar ya ciro su. Biyu daga ciki ma, bayan ya gama, ba su ƙara karantuwa ba ko kaɗan.

Ashe juyewar ce mai sauƙi.

Ranar da muka fara gwadawa, muka haɗa laftof da amfilifaya mai raba wa sifikun sauti, muka zaunar da Yaya Habibu a kujerarsa ta tsakiyar ɗaki, muka kunna. Kiɗa ya tashi. Ni dai na ji daɗi, har na ce alhamdulillahi.

Yaya Habibu ya ce, "Ina mutanen baya?"

Sifika biyu kaɗai ke magana. Sauran shiru kamar duwatsu.

Mukhtar ya durƙusa bayan amfilifaya, ya zaro wata siririyar waya mai jan haske a bakinta, ya nuna min ita kamar ya kama ɓarawo. Ya ce, "Wannan lungu ce, Auwal. Kana so ka shigar da tirela. Sauti mai nauyi irin wannan, hanya shida, ba zai bi ta nan ba." Ya canza ta da wata waya mai faɗin hanya, HDMI. Sannan ya shiga setin ɗin laftof, ya tarar ita kanta an gaya mata sifika biyu gare ta. Ya gyara mata lissafi.

Aka sake kunnawa. Ganga ta buga a bayan kunnen Yaya Habibu na hagu, ya juya da sauri kamar an taɓa masa kafaɗa. Sai ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin idon ya rufe.

Matsala ta biyu ita ce ta kusa kashe mu da tsoro.

Wata rana ni kaɗai na kunna masa wani fayil. Na ɗan rage ƙarar daga laftof don an kusa kiran salla. Wallahi abin da ya fito ba kiɗa ba ne. Wata ƙara ce ta fashe a ɗakin, shaaaa, kamar ana yaga kwanon rufi da ƙarfi daga kusurwa shida. Yaya Habibu ya zabura, ya yi karo da tebur, ya faɗi ya fasa goshi. Shi a tunaninsa gini ne ke rushewa. Ƙaramar sifikar dama ta ƙone nan take, har wari ya tashi.

Na kira Mukhtar. Ya zo a kan mashin ko hula babu.

Bai fara duba kaya ba. Goshin Yaya Habibu ya fara dubawa, ya wanke, ya manna filasta. Sannan ya juyo kaina.

"Me ka taɓa?"

"Ƙara kawai na rage."

"Kawai!"

Sai da ya gama yi min faɗa tas, sannan ya zauna ya yi min bayani. Wasu fayilolin, in ji shi, a ƙulle suke. Amfilifaya ce kaɗai ke da makullin. Aikin laftof ta miƙa su yadda suke, kada ta rage, kada ta ƙara, kada ta gyara musu komai. Da zarar ta sa hannu, ƙullin ya lalace, abin da zai fito shi ne wancan bala'in. Ya saita ta yadda ba za ta ƙara taɓawa ba. Ya ce, "Daga yau ƙara a jikin amfilifaya ake ragewa. In na sake jin ka taɓa ta laftof, ni da kai ne."

Sifikar da ta ƙone, tasa ya ciro daga ɗakinsa ya kawo.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wayoyin. Ya zauna a ƙasa da zaren ɗinki, ya ƙulla wa kowace waya alama: wannan ƙulli ɗaya, waccan biyu, haka har ya gama. Ya kama hannun Yaya Habibu yana bi da shi a kansu. Ya ɗiga gam a kan maɓallan rimot da ake bukata, ya bari ya bushe ya yi tudu. Ya ce, "Yaya, ba na son kana jiran Auwal. Kai ne mai ɗakin."

Akwai ranar da Yaya Habibu ya ce an mayar masa da mawaƙiyarsa ƙarƙashin gado. Muka yi ta dariya, ashe gaskiya ya faɗa. A wannan faifan hanyoyi biyu ne suka sauya wuri wajen juyewa: muryar matar ta koma wufa tana gurnani, dukan ganga kuma ya hau sifikar tsakiya. Su biyun suka zauna, ɗaya na danna laftof, ɗaya na cewa "a'a, ba nan take tsayawa ba," har suka mayar da ita gaba inda take.

Tun daga nan suka zama abokai, ni na koma mai kawo musu ruwa. Da an kira salla Mukhtar zai kashe komai, ya kama masa hannu su fita.

Matsala ɗaya ta rage. Duk waƙar da za ta fara, sai amfilifaya ta haɗiye farkonta, kamar sai ta yi tunani kafin ta gane abin da aka miƙo mata. Ni ban ma lura ba. Su kuwa abin na ci musu rai. Mukhtar ya ce a ba shi amfilifayar da laftof da hard disk ya je gida ya zauna da su a natse.

Jiya bayan la'asar ya kira ni. "Na kama ta. Zo ka taya ni ɗauka."

Na je Tukur-Tukur, muka ɗauko kayan a keke. Kun san lungunmu na Kusfa, keke ba ya shiga. Aka sauke mu a baki. Na rungumi amfilifaya a ƙirji, abu mai nauyin tsiya, shi kuma ya goya jakar laftof. Yana ta yi min bayanin yadda ya gyara, ni ina ta cewa ya bari mu isa.

Rana ba ta faɗi ba fa. Da haske. Ana jin ƙarar injin markaɗe daga wani gida.

Mun kusa ƙofar gidanmu suka fito daga kwana. Su uku. Matasa ne majiya ƙarfi, idanu jawur. Ɗaya da adda, ɗaya da wuƙa, na ukun ya tsaya ta bayanmu.

"Waya."

Muka ba su. Ni sai da mai wuƙar ya sa hannu a aljihuna da kansa, don hannuwana na riƙe da kaya.

"Jakar."

Mukhtar ya sauke ta daga baya. Bai yi gardama ba. Ya ce, "Ku ɗauki laftof ɗin, na bar muku. Amma akwai wani ɗan akwati a ciki, ku bari in cire. Na makaho ne. Ba zai yi muku amfanin komai ba."

Ya zuge zif, ya sa hannu.

Ban san ko sun ɗauka makami zai ciro ba, ko kuwa dama neman dalili suke. Mai addar ya sare shi a wuyan hannu. Na ji ƙarar ƙarfe a kan ƙashi. Har yanzu ina jin ta.

Mukhtar bai saki jakar ba. Na gaya muku yana da zuciya. Ya naɗe igiyar a ɗaya hannun, ya kai wa mai addar karo da ka a baki, jini ya ɓalle wa yaron. Sai mai wuƙar ya matso ta gefe ya soka masa ita ƙarƙashin haƙarƙari. Ya zare. Ya sake sokawa.

Na jefa musu amfilifayar. Ta sami ɗaya a gwiwa ta faɗi ta tarwatse. Na yi kan mai wuƙar, na baya, ashe shi ma da makami, ya kawo min sara, na tare da hannu. Ban ma ji zafi ba a lokacin, na dai ga rigata ta jiƙe.

Mukhtar ya durƙusa. Suna jan jakar yana riƙe, suna jan shi a ƙasa kamar buhu. Mai addar ya juya addar ya buga masa a ka, sannan suka yanke igiyar.

Wata mata ta ƙwalla ihu daga soro. Na ji ana rufe ƙofofi, sannan na ji ana buɗewa. Kafin maza su fito da sanduna, sun kai bakin lungu, mashin na jiransu.

Duk abin nan bai kai a sha kofin shayi ba.

Jininsa ya bi kwata. Na cire hulata na cusa a raunin, na danna. Maƙwabta suka ɗauko shi a tabarma zuwa titi, aka tare keke. Na ɗora kansa a cinyata.

Ya buɗe ido ya ce, "Danna da ƙarfi mana. Kamar ba ka ci abinci ba."

Na danna.

"Amfilifayar ta fashe?"

Na ce, "Don Allah bar zancen amfilifaya."

Ya ce, "Na gyara ta fa. Ta daina cin farkon waƙa. Da ma Yaya Habibu ya ji."

A asibiti suka karɓe shi da gaggawa, Allah ya saka musu. Aka nemi jini, mutanen Kusfa da na Tukur-Tukur suka cika wurin, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Aka yi masa aiki. Ni ma aka ɗinke ni. Bayan isha'i ya farfaɗo, suka bar ni na shiga.

An naɗe masa kai da hannu, leɓɓansa sun bushe. Ya yafito ni da yatsa, na sunkuya.

Ya ce, "Kada ka gaya wa Yaya Habibu a kan kayansa ne. Ka ce waya suka nema na yi taurin kai. Ai kowa zai yarda."

Na ce to.

Ya ce, "Je ka gida, kana ɗiga wa mutane jini a ƙasa."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Sagir ya ce wajen asuba cikinsa ya kumbura, jini ne ke zuba ta ciki, aka sake shiga da shi, bai fito ba.

Da na ajiye wayar Sagir, na daɗe a tsaye ƙofar ɗakin Yaya Habibu ina shirya abin da zan ce. Jiya da na dawo na ce masa 'yan ƙwacen waya ne, Mukhtar ya ji rauni amma da sauƙi.

Na yi sallama. Yana zaune a kujerarsa, carbi a hannu.

Ya ce, "Ya tafi ko?"

Na ce, "Ya tafi, Yaya."

Na fara cewa, "Waya ce suka..." sai ya ɗaga min hannu.

"Auwal, tagar nan tawa lungu take kallo. Ina zaune nan ina jiranku. Na ji takunku, na ji yana yi maka surutu. Na ji ya ce na makaho ne."

Na zauna a ƙasa.

Ya ce, "Na tashi in fito, na rasa ƙofa. Ɗakin da na shekara nawa a ciki. Ina ta lalube bango, ina ji ana saransa, na rasa ƙofa."

Ban taɓa ganin yayana yana kuka ba. Ko ranar da likita ya ce masa idon ba zai dawo ba, bai yi ba. Yau ya yi, irin kukan da babu sauti, kafaɗu kawai ke motsi.

Shi ya sa na rubuta gaskiyar abin a nan. Wanda aka ce in ɓoye wa ya riga ni sani, kuma shi ya ce in faɗa. Ya ce, "Ka gaya wa mutane. Kada a ce taurin kai ne ya kashe shi."

An yi jana'iza kafin azahar. Mutane har titi. Da aka ɗauki makara Yaya Habibu ya ce a kai shi. Aka ce Malam ka bari, hanya babu kyau. Ya ce a kai shi. Na ɗora hannunsa a kan itacen, ya sa kafaɗa. Ana karɓar juna ana canzawa, shi bai saki ba har maƙabarta. Ya yi tuntuɓe ya fi a ƙirga, bai saki ba.

Yanzu ga maganata da ku.

Wanda ya tsaya a kan katanga ya ɗauki bidiyon Mukhtar kwance cikin jini, ban san ka ba, kuma ba na son in san ka. Hannun da ka riƙe waya da shi, da dutse ka ɗauka. Duk wanda bidiyon nan ya shigo wayarsa, don girman Allah ya goge. Yana da mata, yana da 'ya'ya mata da suka iya buɗe waya. Kada su ga ubansu a haka.

Su kuma waɗancan ukun, ba daga sama suka faɗo ba. A wani gida suka kwana jiya. Akwai wanda ya ga ɗansa ya shigo da fasasshen baki, akwai wanda ya ga ƙaninsa yana ɗingishi. Akwai wanda za a kawo wa laftof yau ko gobe a ce ya saya da araha. Mun kai rahoto, mun faɗi kamanninsu. In ka sani ka yi shiru, ka sani wuƙar nan ba a mayar da ita kube ba, lungun wani za ta shiga gobe.

Ba na kiran kowa ya ɗauki doka a hannunsa. Na ga jini jiya, ya ishe ni. Amma zuciyata tafasa take, ba zan yi muku ƙarya ba. Ban yafe ba. Wataƙila wata rana Allah ya ba ni ikon haka, yau dai babu.

Daga maƙabarta na shiga gidansu gaisuwa. Mahaifiyarsa, Inna, tana zaune a tabarma mata sun kewaye ta. Tun muna yara take zuba mana tuwo a kwano ɗaya ni da shi. Ta sa aka matsa min. Ba ta tambaye ni su waye ba, ba ta tambayi abin da suka ɗauka ba. Ta kama hannuna mai lafiyar ta ce, "Auwalu, kai ne a kansa. Ya ambaci Allah?"

Na ce, "Inna, a cikin keke, da ya gama tsokanata, tun daga bakin ganuwar gari har ƙofar asibiti, kalmar shahada yake yi. Shi ya riƙa ja ina binsa."

Ta saki hannuna ta ce, "To, alhamdulillahi. Ku ba Auwalu ruwa ya sha."

Ya Allah, ga bawanKa Mukhtar ya zo maKa da raunukansa. Ka wanke shi da su. Ka yafe masa zafin ransa, Ka duba taushin hannunsa. Ka yalwata masa kabari, Ka sanyaya masa, Ka karɓe shi cikin shahidai. Ka tsaya wa matarsa da 'ya'yansa, Ka ba Inna haƙurin da Kai kaɗai ke bayarwa. Ka sanyaya zuciyar yayana. Waɗanda suka yi wannan, Ka tona su, Ka tsare bayinKa daga hannunsu.

Ku kuma da kuka karanta har nan, ba na bukatar ku danna komai. In kun kai goshi ƙasa a sallar da ke tafe, ku ambaci sunansa. Mukhtar. Ko sau ɗaya ne.